Rufin Kwanon Inna

"Inna, don girman Allah ki fito daga ɗakin nan!"

"In fito in je ina? Ɗakina ne."

"Wannan ba ɗaki ba ne, tanda ce!"

Raliya na tsaye a bakin ƙofa, farar rigar aikinta ta manne mata a baya saboda gumi. Dawowarta ke nan daga asibitin Bande, inda tun safe suke ɗaura wa tsofaffi ƙarin ruwa. Bazarar bana ba ta zo da wasa ba. Kaji sun saki fukafukai a ƙarƙashin rumbu, bakinsu a buɗe, jakunan amalanke kuma sun ƙi tafiya ko an doke su.

A cikin ɗakin, mahaifiyarta, Inna Barakatu, tana kwance a tabarma tana jan numfashi da ƙyar. A bisa kanta rufin kwano sai ƙas-ƙas yake yi cikin rana.

Kwanon nan kyauta ne. Bara Alƙasim, saurayin da aka sa ranar aurensu da Raliya, ya dawo daga Lome inda yake aiki a tashar jiragen ruwa, ya tarar rufin ƙasa na ɗakin Inna yana yoyo. Bai yi shawara da kowa ba, ya sa aka sauke azara da ƙasa, aka buga sabon kwano mai ƙyalli. Matan unguwa har guɗa suka yi. Tun daga ranar nan Inna ba ta ƙara yin barcin rana a gindin darbejiya ba. Wai in an gan ta a waje, za a ce ta raina kyautar suruki.

"Inna, tansiyonki ya hau, hawan jinin nan ya taso. Jiya da hannuna na auna!"

"Ke da aune-aunenki... Yaron nan ya yi mini sutura, in tashi in kunyata shi?"

Yaron nan. Ko sunansa ba ta iya faɗa don kunya, amma za ta iya mutuwa dominsa!

Raliya ta juya ta koma zaure, ta danna lambar Alƙasim.

"Liyata! Hasken idona..." Muryar Alƙasim ta zo tare da wani shuu mai daɗi a bayanta. "Kina jin wannan? Teku ce. Nan zafi ya karye, an yi ruwa shekaranjiya, iska sai ka ce ana yi maka fifita. Bari dai a ɗaura, in kawo ki ki sha..."

"Sha iskarka kai kaɗai!"

"Subhanallahi. Me na yi?"

"Kwanonka zai kashe mini uwa, Alƙasim."

Can ya ce, "Inna ce ta yi ƙorafi?"

"Inna za ta yi ƙorafin kyautar suruki? Yau ka fara saninta? Ka zo ka cire shi!"

"In cire? Raliya, kin san abin da kike faɗa kuwa? Wane saurayi ke kwance abin da ya kai gidan surukai in ba fasa aure ya yi ba? Bande gaba ɗaya za ta ce na zo kwashe kayana. Baba ma ba zai..."

"Za a ce, za a ce! Ita tana tsoron za a ce, kai kana tsoron za a ce. To ni abin da nake tsoro shi ne a ce Allah ya jiƙanta!"

"Ki yi haƙuri, masoyiya. Damina ta kusa..."

"Tsohon da ya cika a hannuna yau, shi ma damina yake jira." Ta share ido da bayan hannu. "Ina son ka, Allah ya sani. Amma in wani abu ya sami Inna a ɗakin nan, ba zan iya kallon fuskarka ba har abada."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a bango tana kuka.

Ba a rufe mako ba abin da take gudu ya faru. Ta dawo da azahar ta tarar Inna a sheme, jikinta zafi zau kamar garwashi, babu ko ɗigon gumi. Ita da Gwaggo Ɗela, ƙanwar mahaifin Raliya, suka ciccibo ta zuwa inuwa. Raliya ta yi ta jiƙa zane tana lulluɓa mata, tana ɗura mata ruwa kaɗan-kaɗan, har ta buɗe ido.

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo Ɗela. "Ai dama rai a hannun Allah yake, 'yar nan. In kwana bai ƙare ba..."

"Gwaggo, Allahn da ya halicci rana shi ya halicci inuwa! Laifi ne a zauna a cikinta?"

"Oh ni! 'Ya'yan lakwal, an yi boko, baki kamar reza."

Raliya ta ciji leɓe. Abin da ke cin ranta ke nan a garin nan: mutum ya ga rami, ya sa ƙafa, a ce ƙaddara. Kafin ta dawo daga ɗebo wani ruwan, Inna ta rarrafa ta koma ɗakinta.

Ranar Juma'a da hantsi ya ɗaga, sai ga moto mai ƙafa biyu ta tsaya a ƙofar gida. Alƙasim ne, ya yi futu-futu da ƙurar hanya, idanunsa sun yi ja. Raliya ta ɗaure fuska.

"Ka zo?"

"Kin bar ni da zaɓi ne?"

Ashe zuwan nasa ma wata masifar ce. Inna na jin sallamarsa ta saki labule, ta turo ƙyaure ta rufe, don kada su haɗa ido da suruki. 'Yar iskar da ke shiga ma ta yanke.

"Ka gani?" Raliya ta nuna ƙofar, hawaye na zuba. "Ka ga abin da kunya ke yi mana?"

Alƙasim ya matsa ya ɗora tafinsa a ƙyauren ƙarfen, ya fizge da sauri. Ya daɗe yana kallon hannun. A can bakin teku kwano bai taɓa cizon sa haka ba.

"A cikin wannan take kwana?"

"A ciki take wuni ma."

Ya tuɓe babbar rigarsa, ya aro tsani da guduma a maƙwabta, ya haye.

Bugun farko, muryar Inna ta fito a firgice. "Wane ne a kaina?"

"Surukinki ne, Yaya!" Gwaggo Ɗela ta amsa, tana riƙe da haɓa.

"Innalillahi!"

Ƙyaure ya buɗe. Inna ta fito da gyale a rufe da fuska, da saurin da ba wanda ya san tana da shi, ta zube a gindin darbejiya ta ba ɗakin baya. Zama a ƙarƙashin ƙafar suruki ya fi ƙarfin kunyarta.

Kafin falle na biyu ya sauka, kawuna sun leƙo ta kan danga.

"An fasa!" wata ta raɗa da ƙarfi. "Ga shi can yana kwashe kayansa!"

Alƙasim ya miƙe tsaye a bisa katanga, gumi na tsiyaya daga gemunsa.

"Jama'a, ku ji da kyau, don kada a ƙara gishiri! Ba a fasa ba! Aure na nan bayan girbi, in Allah ya kai mu. Ni na yi kuskure, na rufa wa uwata wuta a kai don a yabe ni. Gobe magini zai maido azara da ƙasa, a yi daɓe mai kyau. Kwanon kuma awaki su samu rumfa, su ma sai na shimfiɗa musu kara a sama!"

Aka kwashe da dariya. Raliya ba ta yi ba. Hannuwansa take kallo, yadda suka yi jajur suka tashi bororo, shi kuwa bai fasa zare ƙusa ba.

Wajen la'asar ganyen darbejiya ya motsa. Wata iska ta taso daga kudu, mai sanyi, mai ɗanshi, ta ɗaga gefen labule, ta kaɗa zannuwan da ke kan igiya. Can ƙasan sama, wajen iyaka, gajimare ya fara haɗuwa.

Alƙasim ya shaƙe ta ya lumshe ido. "Liya! Ita ce! Wallahi irin ta Lome ce, biyo ni ta yi!"

"To sannu, mai iska," ta ce, dariya da kuka suna kokawa a muryarta. "Ka yaye rufi ranar da hadari ya taso. Kai dai ba ka iya lokaci ba!"

"Na iya zaɓen mata dai."

Daga gindin bishiya, Inna ta yi gyaran murya, ba ta juyo ba.

"Ɗela... ce wa yaron nan ya sauko haka nan. A dama masa fura." Ta gyara gyalenta. "A shafa masa man shanu a hannu. Allah ya yi masa albarka."

Raliya ce ta riƙe masa tsanin. Da ya sauko ta buɗe tafukansa a hankali, hawayenta ya ɗiga a kan ƙunar.

"Yanzu za ki iya kallon fuskata?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Ta ɗago ta kalle shi sosai. Sannan ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna masa gindin darbejiya.

Inna ta miƙe a tabarma, gyalen ya zame daga fuskarta, iskar kudu na wasa da bakinsa. Barci take yi.