Hoton Da Ya Ƙi Shiga

"Ya sake ƙi, Shohag... wallahi ya sake ƙi!"

Tanjila ce ke magana, idonta a kan kwamfutar shagon yayanta da ke kasuwar Bogura, ta kasa kallon saurayin nata. Jan rubutun nan dai ya kuma fitowa: hoto ya yi nauyi.

Yau da la'asar za a rufe shafin neman aikin Koriya da Shohag ya ɗora wa rai. Abbanta kuwa ya yanke magana tun bara, ba zai ba marar sana'a 'yarsa ba ko sama da ƙasa za su haɗe.

"Tanju, ki taimake ni!" Shohag ya dafa tebur, gumi na bin wuyansa. "Ke da kike rage wa rabin garin nan nauyin hoto, nawa ne ya gagare ki?"



Ya leƙo da kansa. Kilobayit hamsin shafin ke so, ga hotonsa nan jibgege yadda waya ta ɗauko shi, ko taɓa shi ba a yi ba.

"Tanju... ashe ba ki taɓa ragewa ba?"

Sai kuka ya ƙwace mata.

"Mizan ya ce duk wanda ya tafi Koriya mantawa yake da na gida!"

Mizan ɗan gwaggonta ne, mai injin casar shinkafa, wanda uwarsa ta mai da gidan su Tanjila hanya, kullum da tukunyar kindirmo mai zaƙi. Kindirmon banza, ai kowa ya san abin da ake nema!

"Mizan?! Wanda ke jira in faɗi ya ɗauke ki, shi ya zama malaminki?"

"Tsoro nake ji... Ka zauna in dinga ganinka, ko ba aure!"

"In zauna in ci shinkafar biriyanin bikinku ke nan? Kin kashe ni, Tanju."

Ya juya zai fita. Ina za shi? Kowane shago layi ya kai titi. Ga fanka ta fara rage gudu, wuta kuwa in ta tafi sai ta ga dama.

"Tsaya! Don Allah, masoyina, tsaya..."

Ta matse hoton. Wayyo, ta zarce! Fuskarsa ta dagule kamar an leƙa ruwan kududdufi. Ta koma, ta yanke farin gefe, ta rage a hankali, hawaye na ɗiga a kan madannai.

Ta tura. Ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa...

Koren rubutu ya fito.

Shohag ya durƙushe yana hamdala. Ita kuwa ji ta yi kamar da hannunta ta sa shi a jirgi.

Zumbur ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tsaya jikin farin ƙyallen ɗaukar hoto da ke bango.

"Ɗauke ni."

"Me?"

"Hoto mana! Mata ma suna nema. Kana zaton zan zauna shan kindirmon gwaggo kana can?"

"Abba fa?"

"Ya ɗaura mana aure mu tafi tare, ko in yi ta yi masa kuka har ya gaji."

"Da wannan kumburarren idon za ki shiga Koriya, zuciyata?"

"Za ka ɗauka ko sai an rufe?!"

Ya ɗauka yana dariya, idonsa jawur. Ta zauna, ta rage, ta tura.

Nata sau ɗaya ya shiga.