Bandejin da Ya Tayar da Unguwa

A Tudun Wada ta Sakkwato akwai wata yarinya mai rawar kai. Mahaifiyarta, Nas Zaituna, ita ce shugabar nas-nas a wani asibiti. A bana ita aka zaɓa za a ba lambar yabo. Kai, yarinyar nan ta ishi kowa da labari! Har cewa take yi ita ma rabin nas ce.

Ranar bikin, Inna, wato Nas Zaituna, ta riga su tafiya. Ta ce Kaka ta taho da yara in sun shirya. Kaka ta shiga wanka ke nan, sai ƙaramin ƙanen yarinyar, Gazali, ya zo yana susar goshi.

"Yaya, sauro ya cije ni."

"Kwanta! Ciwonka babba ne," in ji ta.

Ta jawo akwatin maganin Inna, wanda aka hana ta taɓawa. Ta zazzaga masa jan magani. Ta naɗe masa kai da bandeji, ta gangaro wuya, ta bi hannu. Da ta ga bandeji ya rage, sai ta haɗa da ƙafa. Ido da hanci kawai ta bar masa.

Gazali ya ji daɗin sabuwar shigarsa. Ya fita ƙofar gida yana ɗingishi don a gan shi.

Maƙwabciyarsu Mairo ta hango shi, ta saki tsintsiya.

"Innalillahi! Mi af faru da wanga yaro? Mota ta?"

Kafin ka ce kwabo, mata sun cika gida ana jaje. A bakin mata, mota ta koma tirela. Kaka ta fito da sabulu a kunne tana salati. Yarinyar ta laɓe bayan randa. Wata kuwa har ta buga wa Inna waya.

A lokacin ana gab da kiran sunan Inna. Ta bar taron, ta ɗare kabu-kabu, ta iso gida takalmi a hannu.

Ta durƙusa gaban Gazali. "Ɗana, ina ka ma ciwo?"

"Ba ko'ina, Inna."

Ta yi ta warware bandeji, mata na riƙe baki. Can ƙarshe sai ga cizon sauro, ko ƙwayar gero bai kai ba. Gida ya kaure da dariya. Inna ba ta yi dariya ba.

"Wa yay yi wanga aiki?"

Yarinyar ta fito tana kuka. "Ni ta, Inna. So nike in zama kamar ke. Ga shi na sa kin rasa lambarki."

Wallahi ta ba kowa tausayi. Inna ta share mata hawaye.

"Ɗiyata, bandeji ba shi ne aikin ba. Nas takan duba, ta tambaya, ta saurara. Abin da ba ta sani ba, ta kira na gaba da ita."

Ana haka sai wayar Inna ta yi ƙara. Wata nas ce da Inna ta koya wa aiki.

"Anti, yaya yaron? Mun roƙa an dakata. Mun ce ba mai tashi sai an ba ki lambarki."

Suka ɗunguma zuwa taron, har da Mairo. Da aka kira Nas Zaituna, nas-nas duka suka miƙe tsaye. Wata tsohuwa da Inna ta taɓa jinya ta rangaɗa guɗa. Yarinyar ta yi ta tafi har hannunta ya yi zafi.

A ranar ta gane cewa yabo ba ya zuwa da rawar kai. Sai an koyi aiki, an yi haƙuri, an ji maganar manya. A hanyar gida ta ce, "Inna, ki koya mini tun daga farko."

"To," in ji Inna. "Darasin farko, wanke hannu. Dubi naki, duk jan magani!"