Zoben da Ya Ƙi Fita

A wurin haƙar kufan Romawa da ke arewacin Ingila akwai doka: abin da aka tono ba a sa shi a jiki. Rhona, ɗalibar da ke wanke kayan, ta san haka sarai. Amma da ta wanke wani zoben tagulla mai ɗan mabuɗi a kansa, sai ta zura shi a yatsa don ta gani kawai. Ya shiga, ya ƙi fita.

Kowa ya tashi, duhu ya rufa, ana ruwa, ita kaɗai ta rage a rumfa tana fama. Ta shafa sabulu, ta shafa mai, yatsa sai ƙara kumbura yake. Gobe Farfesa, shugaban aikin, zai gani, kuma kora ce.

"Wannan wace irin jaraba ce!" Ta ja tsaki.

"Ja ba zai yi ba, 'yata. Kawo hannun."

Wata dattijuwa ce a bakin ƙofa, lulluɓe da mayafin ulu, tana ƙaurin hayaƙi. Rhona ta ɗauka 'yar ƙauyen ce.

"Taimaka mini, Iya, ko da yatsan ne ki cire!"

"Ku yaran yanzu, komai kuka gani sai kun taɓa."

Dattijuwar ta murɗa, ta sake murɗawa, zobe ko motsi. Yatsun dattijuwar sanyi kamar ƙasan rijiya, mayafinta kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba.

"Ba komai," ta ce, ba ta saki hannun ba. "Mabuɗina ne, na daɗe a tsaye a ƙofar gidana. Tunda ya ƙi fita, zo ki buɗe mini da kanki."

Ta ja ta suka nufi ramin haƙar.