Kwamfutar da Ke Mutuwa a Hannun Zinatu

Ranar da Iliassou ya fara ganin Zinatu, a tsorace take zaune gaban kwamfutar wani ofishin auduga a Parakou. Daga Djougou aka kira shi gyara, cikin 1988. Na'ura ya zo dubawa, amma fa ba a kanta idonsa ya tsaya ba.

Kwamfutar nan ba ta mutuwa sai a hannun Zinatu. Ga shi kuma saurayinta na fari, Sabiou, ya rasu a hatsarin mota ana gab da bikinsu. Mutanen Zongo ba sa rasa abin faɗa, suka ce duk abin da ta taɓa ba ya ƙarko. Abin tausayi, har ita ta fara yarda.

Da Iliassou ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa Hadjo ta ce, "Ƙarfe ma bai tsira ba, balle kai? Ban yarda ba."

Ya koma ya tambayi Zinatu abin da suke yi in kwamfutar ta mutu.

"Kashewa muke mu kunna da sauri, kar Kamarad Darakta ya ce zagon ƙasa muke wa juyin juya hali."

"Nan kuskuren yake, Zinatu. Kafin zuciyar na'urar ta tsaya, takan rubuta abin da ya kashe ta, ku kuma kuna gogewa. In ta sake, ki bar ta."

Ta kuwa sake. Darakta ya tsaya a kan Zinatu yana ta faɗa, amma ta ƙi taɓa makunnin har Iliassou ya iso. Ya kwashe abin da ke ƙwaƙwalwar na'urar a kaset, ya bi shi layi-layi. Ashe kati ɗaya ne daga kayan cikin na'urar ya lalace, kuma aikin Zinatu kaɗai ke da girman da zai kai gare shi.

Ya ɗora mata katin a tafin hannu. Ta daɗe tana kallon katin, sannan ta ce a hankali, "Sabiou fa?"

"Wannan ba ni da kaset ɗinsa, masoyiyata. Kwanansa ne ya ƙare."

Sai a ranar ta yi wa Sabiou kuka ba tare da jin ita ta kashe shi ba.

Hadjo ba ta gane komai a katin ba. Abin da ya sauko da ita shi ne jin yadda yarinyar ta jure faɗan Darakta saboda maganar ɗanta. Ranar da aka kawo amarya Djougou, ita da kanta ta tare ta a ƙofa.

"Shigo da ƙafar dama, 'yata. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya bar ku tare har tsufa."