Watan da Ya Ɓuya Bayan Jupita

Da faɗa suka fara. Ranar da cibiyar binciken sararin samaniya ta buɗe rufin gininta ga jama'a, Auta, malamar kimiyya, ta rako ɗalibanta kallo. Rana ta faɗi, duhu ya soma shiga, sai ta kunna tocilar waya tana ƙirga yara.

"Baiwar Allah, kin kashe mana ido," in ji wata murya. "Yanzu sai mun sake zaman jira kafin mu saba da duhu."

"To ka yi haƙuri, sarkin duhu. 'Ya'yan mutane nake ƙirgawa."

Mai muryar dogo ne siriri, sanye da rigar sanyin da ta sha jiki, kuma shi ne mai nazarin watannin Jupita a cibiyar. Maimakon ya ji haushi sai ya yi dariya, ya ce ta sa ido a madubin hangen nesa. Ta ga wata ƙwallo fara mai ɗamara biyu, da ɗigo huɗu a jere gefenta kamar 'yan tsaki bayan kaza.

"Jupita ke nan da manyan watanninta. Akwai ɗaya da muke zaton teku ne a ƙarƙashin ƙanƙararsa."

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago kuwa, shi yake kallonta. Daga ranar ya sa mata suna Tocila, ita kuma Sarkin Duhu ya bi shi.

Saƙonninsa ba sa yankewa. "Tocilata, yau gajimare ya rufe mini komai, amma ban damu ba, gobe zan gan ki."

Ta amsa: "Bakinka da daɗi kamar na dillali. Ka ci abinci dai."

A gida ne magana ta tsaya. Mama ta riga ta zaɓi mai kemis ɗin bakin layi, mutum mai mota da gaisuwa har ƙasa. Baba kuwa, wanda ya tsufa a gyaran agogo da ɗan gilashi maƙale a ido, tambaya ɗaya ya yi: "Kallon sama aiki ne?"

Auta ta yi kuka, ta yi lallashi, ta zauna kusa da tebirinsa tana ba shi labarin ƙwallon nan da 'ya'yanta huɗu har ya haddace. Wata rana ya ajiye ɗan hantsakinsa.

"Mutum ba ya ɓoye halinsa a gaban kayan aikinsa. Ya kai ni in ga abin da yake kallo, in ga yadda yake riƙe su, sannan in yi magana. Amma maganar idona, in kika faɗa masa ban yafe ba. Ba na son a ba ni kujera don tausayi."

Hawan jinin ido ke cin Baba. Ganinsa yana tsukewa daga gefe, kuma likita ya riga ya gaya musu abin da ya tafi ba ya dawowa.

Da ta kai wa Sarkin Duhu labari, har tsalle ya yi. Sai kuma halin masu aikinsa ya motsa.

"Amma ba yanzu ba. Jupita tana ƙasa-ƙasa, iska na girgiza hotonta. Nan gaba kaɗan za ta fi kusa da mu, ta hau tsakiyar sama. Sau ɗaya Baba zai kalla, ina so ya ga abin da ba zai manta ba."

"Ka kai shi ko yau ne. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe."

"Tocila, ba ki san aikin nan ba. Haƙuri ake yi."

Haka aka yi ta yi. Yau hazo-hazo ne, gobe farin wata ya cika haske, jibi iska ba ta kwanta ba. Mutumin kirki ne, wallahi, amma irin kirkin da ke sa a ji kamar a shaƙe mai shi. Maganar ta zo mata baki ba sau ɗaya ba, ta tuna "ban yafe ba", ta haɗiye. Mai kemis kuwa kullum motarsa na ƙofar gida, shi ke kai Baba asibiti, Mama tana ta sa masa albarka da ƙarfi don mai ji ya ji.

Ran da abin ya ishe ta, ta rubuta masa: "In ba ka shirya aure ba ka faɗa mini. Na gaji da zaman jiran gawon shanu."

Ya amsa: "In motar mai kemis ce ta tsone miki ido, ke ma ki faɗa."

Suka yi shiru da juna, kowa na jin shi aka zalunta.

Wata safiya tana shirin makaranta, ta tarar da Baba zaune gaban tebirinsa, agogunan bango suna ta bugawa ta kowane gefe.

"Auta," ya ce a hankali, "ƙarfe nawa?"

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ya tambayi wani lokaci ba. Tana tsaye a wurin, jakarta a hannu, wayarta ta yi ƙara.

"Tocilata, a yafe mini. Albishir, jibi sama za ta yi tas. Ki kawo mini Baba bayan faɗuwar rana."

Ta so ta rotsa wayar da bango. Baba ya sa ta karanta masa, ya ce a goge masa babbar riga.

Ya hau matakalar cibiyar dafe da kafaɗarta, yana cewa gwiwa ce ke damunsa. Duhun rufin ya rufa masa asiri. Sarkin Duhu ya durƙusa ya gaishe shi, ya zaunar da shi, sannan ya ja Auta gefe ya raɗa mata: "Yau uku ne a fili. Ɗaya ya shiga bayanta, sai can anjima zai fito." Ta leƙa. Uku ne, kuma ba ta taɓa ganin Jupita da kyau irin na ranar ba. Kyawun ma haushi ya ba ta.

Sarkin Duhu ya tallafi kan Baba da hannu biyu ya kai shi bakin gilashin. Baba ya daɗe a sunkuye.

"Masha Allah," ya ce. "Ga su nan su huɗu reras, kamar yadda Auta ta faɗa."

Ba wanda ya motsa. Sarkin Duhu ya dubi Baba, ya dubi Auta, ya ga tana toshe baki da mayafi. A nan ya gane abin da haƙurinsa ya ci.

"Haka ne, Baba," ya ce. "Huɗu ne."

"Hannunka yana da ladabi. Ka turo manyanka."

Da suka sa Baba a mota, Sarkin Duhu ya tare ta a gindin matakala. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Me ya sa sai an faɗa maka? Sau nawa na ce ka kai shi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta so ta tsane shi, abin ya gagara, don ta ji abin da ya ce wa Babanta, shi da ko ɗigo ɗaya ba ya yarda a ƙara a aikinsa.

An ɗaura aure ba da daɗewa ba. Mama ta sauko, mai kemis ma ya zo ya yi fatan alheri fuska a ɗaure. Da za a tafi da amarya, Baba ya sa aka kira masa su biyun. Ya lalubi hannun ango ya riƙe.

"Ɗana, ranar nan, nawa ne?"

"Uku ne, Baba."

"Na sani na yi kuskure, tun a wurin na ji shirunku." Ya ɗora hannun Auta a kan nasa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Abu ɗaya nake roƙonka. In ta ce maka yau, kar ka ce mata gobe."

Ango ya ce in sha Allah, hawaye na bin gemunsa. Auta ta riƙe hannun mijinta gam, don tana son sa, wannan ba ƙarya. Suna bakin ƙofa ta ji Baba yana tambayar Mama ko sun riga sun fita.