Ɗamarar Masu Jego

Ranar da Dogo ya fara shiga kemis ɗin Abban Auta, ɗamarar ciki ya tambaya, irin ta masu jego. Auta ta miƙa masa tana cewa a yi wa mai jego barka. Ya sunkuyar da kai, ya fita ya bar makullin motarsa a kan kantar shagon. Ya dawo ɗauka, daga nan kuma kullum sai ya manta wani abu.

Ya rantse mata bai taɓa aure ba. In ta tambayi ta wace ce ɗamarar, sai ya kawar da zance.

Da maganar aure ta kai gida, Umma ta kafe cewa mai sayen ɗamarar jego yana da mai jego a ɓoye. Yayar Auta kuma ta ce ta hango shi yana sintiri a asibiti. Abba ya ce in gaskiya ba ta fito ba, ɗan amininsa na nan yana jira.

Auta ta tura masa saƙo: "Dogona, ko ka faɗa min, ko ka manta hanyar shagonmu."

Kwana da kwanaki wayarsa a kashe, har ta fara fid da rai. Sai ga amsa: "Likitata, zo asibiti, ɗakin ƙarshe a sama. Za ki ga mai jegon."

Ta je ta tura ƙofar. Shi ne kwance, ɗamarar a cikinsa. Ashe a da ƙato ne. Da ya rage ƙiba sai fatar cikin ta saki ta zubo, yake ɗaure ta a ƙarƙashin riga. Yanzu likita ya yanke ta ya ɗinke.

"Kunya na ji," ya ce. "Gara ki zarge ni da ki gan ni haka."

Ta fashe da kuka, haushi da tausayi suka haɗe mata. "Da ba ka farka ba fa, wa zai gaya min?"

Da aka sallame shi ya je gaban Abba a duƙe, ya faɗi komai. Abba ya ce ya miƙe mana, Dogo ya ce ɗinki bai bari ba tukuna.

Abba ya yi dariya har da hawaye. "Surukin da ba ya iya ɗaga min kafaɗa, ai na ba shi."

Ranar aure Dogo ya tsaya a miƙe. Umma ta sa musu albarka, sannan ta raɗa wa Auta ta adana ɗamarar, wata rana mai ita ta gaskiya za ta nema.