Wasiƙa a Cikin Malafa

"Baba... me ka ce?"

"Na ce na amsa musu! Ranar Lahadi ke za ki fara sa almakashi a kan Urpi."

Don Fermín ya ci gaba da ɓare dafaffen dankalinsa, ko kallon 'yarsa bai yi ba.

Nélida ta zuba masa ido. Ita fa ba baƙuwar wannan al'ada ba ce. Shekara tara tana riƙe da ɗakin karatun garinsu a saman duwatsun Ayacucho, ta rubuta littafi biyu daga bakin tsofaffi, kuma da hannunta ta rubuta cewa macen da ta fara yanke gashin yaro ta zama uwarsa ta biyu, ta zama 'yar'uwar ubansa. Aure tsakaninsu ya haramta har kabari.

Uban Urpi kuwa Teodosio ne, mutumin da take so kamar ranta.

"Shi... shi ne ya aiko?"

"Uwarsa ce ta yi magana, shi yana bayanta sai murza malafa yake. An girmama ki kina wani zare ido! Kada ki kunyata ni a garin nan, Nélida."

Makiyayi ne Teodosio, matarsa ta rasu wajen haihuwar Urpi. Shekara biyu cur, duk Laraba sai ya sauko ya ari littafi. In ta tambaye shi ya ya ga na makon jiya, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Kai, Malama... yana da nauyi." Ita kuwa baiwar Allah sai ta ce a ranta, ji mai zurfin tunani!

Wata uku da suka wuce ta gaji da jira. Ta cire kunya ta rubuta masa duk abin da ke zuciyarta, ta cusa a tsakiyar littafi. Littafi ya dawo, takarda babu, amsa babu. Tun ranar ma ya daina haɗa ido da ita.

To yau ga amsa ta zo, da almakashi!

Kwana huɗu kanta a ɗaure. In ba ya so, me ke sauko da shi duk Laraba, ko ana ruwa? In yana so, wane irin so ne zai mai da ita 'yar'uwa? Ko tausayinta ya ji? Ko uwarsa ce ta ga takardar? Har littattafan noma ta jera a layin waƙoƙi ba ta sani ba.

Lahadi da hantsi tsakar gidan Mama Asunta, uwar Teodosio, ya cika maƙil. Ga masara da cuku, ga masu molo. An zaunar da Urpi a kan bargo, an ɗaɗɗaure gashinta tuntu-tuntu da jan zare.

Yarinyar na hango ta ta washe baki. "Malamar littafi!"

Mama Asunta ta miƙo almakashi a faranti. "Bismillarki, 'yata. Daga yau kin zama tamu."

Nélida ta ɗauka. Ta kama tuntu ɗaya. Ta dubi ubanta, ya ɗaga mata gira. Ta dubi Teodosio, ya sunkuyar da kai, idonsa jawur.

Ai sai haƙurinta ya ƙare.

"Teodosio! Kafin in yanke... amsar takardata ke nan?"

Molo ya tsaya cak.

"Malama, don Allah, ba a gaban mutane ba..."

"A gabansu! Ka karanta ko ba ka karanta ba?"

Ya cire malafarsa, ya zaro takardar daga ciki, duk gumi ya jiƙa ta.

"Na san laifina. Akuya ce ta ci gefen bangon littafin, wallahi ba da gangan ba ne. Da na ga takarda sai na gane kora ce, an hana ni shiga ɗakin karatu..."

"Kora?! Wace kora? Ba ka ga abin da ke ciki ba?"

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ban iya karatu ba, Malama. Ko sunana."

"Littattafan fa? Shekara biyu?"

"Ɗauka nake in hau dutse da su, in sauko da su. Ba na ce miki suna da nauyi ba?"

Wata tsohuwa ta fashe da dariya, aka zungure ta. Nélida ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

"To almakashin fa?"

"Duk Laraba jira nake ki ce kada in ƙara zuwa. Na ce in kin zama uwar Urpi, ko an kore ni zan riƙa ganinki."

"Ka san abin da zai haramta?"

"Na sani." Hawaye ya zubo masa. "Amma ina marubuciya, ina mai bin tumaki? Da babu gara ba daɗi..."

Ta ajiye almakashin a faranti, ƙwal! Ta juya ga ubanta.

"Baba, ka yafe min. Ba zan yanke ba."

"Nélida! Na riga na yi wa mutane alkawari!"

"Na'am, uwa ka yi wa Urpi alkawari. Za ta samu... in ubanta na so."

Mama Asunta ta dubi ɗanta, ta dubi takardar, ta kai masa dundu a baya. "Sakarai! Wata uku kana yawo da arziki a ka!" Ta miƙa wa ƙanwarta farantin. "Ke, Eulogia, zo ki yanke."

Don Fermín ya yi gyaran murya, ya ja tsaki, ya ce a ci gaba da molo tunda dai an tara mutane.

Teodosio ya miƙo takardar da hannu biyu. "Karanta min... don Allah."

Nélida ta buɗe, ta ɗora yatsarta a kan kalmar farko.

"Wannan kaɗai zan faɗa maka. Ta ce, masoyina." Ta ninke, ta mayar cikin malafar, ta ɗora masa a ka tana share hawaye. "Sauran kai za ka karanta min da bakinka, ko shekara za ta ɗauka. Laraba ka zo da wuri."